Shanun da Suka Rage wa Gwaggo

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma, Gwaggo kuma ta riga mu isa. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta abin da ke ƙasa ya ce ina jayayya da ajali. Ba na jayayya da ajali. Da masu rai nake yi.

Ranar sadakar uku, tsakar gidan Yaya a Batsari ya cika ya batse. Mata sun zo daga Darini, sun zo daga Karare, wasu tun daga Safana a bayan a-kori-kura. Kowace ta durƙusa ta ce ya haƙuri, Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta. Da ta gyara zama kuma sai ta ɗauko zancen nama.

"Ai wannan baiwar Allah ta ci moriyar haihuwa," in ji wata tsohuwa da ke maƙwabtaka da gidan. "Kullum ta Allah sai ƙunshi ya shigo mata. Mu ƙamshi kawai muke samu ta saman katanga."

"Ni na taɓa iske ta da tsire a gaba, lemon kwalba a gefe," in ji wata. "Na ce Hajiya, ashe gudun hijira ma suna ya tara."

"Allah dai ya ba mu masu yi mana haka."

Tsakar gida ta ɗauki amin. Ni ban ce amin ba. Ina zaune a bakin ƙofar ɗakinta da carbi a hannu. Ana cikin haka matar Yaya ta shigo daga zaure da hawaye a fuska, ta ce maigidan ya yi alkawari a gaban liman da mutanen unguwa: kason Inna ba zai yanke ba, daga yau na Kawu ne, har ƙasa ta rufe idon ɗayansu. Mata suka sake ɗaukar Allah ya yi albarka.

Kawun da ake magana mahaifina ne. Yana da hawan jini. Ƙafafunsa sun fara cika takalmi, kamar yadda nata suka fara. Saboda shi na ɗauki biro.

Bari in warware zumuncin don baƙo. Gwaggo yayar Baba ce, ciki ɗaya. Da uwata ta rasu ina goye, ita ta kwance ni daga bayan wata maƙwabciya ta ɗaure a nata. Ɗanta guda ne a duniya, shi ne Yaya, mahauci a kasuwar Batsari, sana'ar da ya gada wajen ubansa. Shi ɗan mace, ni 'yar namiji, wato taubasai muke. Tun ina da wayo ban taɓa ce masa Yaya a gaban idonsa ba. Bawana nake ce masa, shi kuma ya ce uwar ɗakina. Duk zagin da na yi masa halal ne, duk wanda ya yi mini haka. Ku riƙe wannan, don a nan aka yi ɓarnar.

Gwaggo ba waliyiya ba ce, kuma ba zan yi mata ƙarya don ta mutu ba. Tana da baki. In ka gaishe ta a tsaye sai ta ce, "Gwiwar taka ta aro ce?" In ta ba ka fura ka rage, sai ta bi ka da ƙoƙon har ƙofar gida. Tana son gishiri fiye da kima, tana son kanwa, kuma ba ta taɓa yarda ta yi kuskure ba ko a lissafin kwanan wata. Da mijinta ya rasu ta dawo gidan Baba a ƙauyenmu, bayan Yasore, ta karɓe ragamar gidan ba tare da an miƙa mata ba.

Muna da 'yan shanu a lokacin, ba garke na a zo a gani ba, amma kowace tana da suna a bakinta. Tana da wata ƙwarya baƙa wadda ba a wanke ta da sabulu, ruwan zafi kawai da rana. Kullum takan rage ɗan nonon jiya a gindinta, ta zuba wa sabuwar madara ta kwana. Iri take ce masa. Wanda ya taɓa ƙwaryar nan da hannun miya, ranar zai san uwar da ta haife shi.

Surfenta kuwa abin dariya ne a ƙauye. Sama-sama take yi, ta bar rabin dusa a jikin gero. Matan gida su ce tuwon Gwaggo sai mai haƙori. Ta ce, "Ni zan noma, ni zan sussuka, sannan in ba akuya mai daɗin?" Ba ilimi ba ne, rowa ce, ita ma ta sani. Da damina kwaɗon zogale, rama, tafasa, yaɗiya. Da rani miyar kuka da daddawar da ta yi da hannunta, wake, ɗanwake, fura da nono da rana tsaka. Nama sai an yi suna ko Sallah, ko in Yaya ya leƙo. Da wannan cimar take tafiya Batsari a ƙasa ta dawo a ƙasa, da ƙwarya a ka, tana zagin masu jiran mota.

Alherin da ta yi mini wanda ba zan manta ba, ba goyo ba ne. Na haifi 'ya'yana duka ban san baƙi ba. Da aka buɗe ajin manya na ce zan shiga, dangin mijina suka mai da ni abin nishaɗi. Wai mai furfura za ta zauna a benci. Gwaggo ta yafa gyale ta same su har gida. Ban san abin da ta faɗa musu ba, na dai san washegari ita ta raka ni har bakin aji, ta zauna a gindin bedi tana kaɗa zare har muka tashi. Ta ce, "Tafi ki koyo, ɗiyata. Wanga bakin naki in ya samu alƙalami, gari ya shiga uku." A ajin nan na koyi abu ɗaya da ya fi karatu, wato in ɗaga hannu in ce ban gane ba, a sake.

Sai 'yan bindiga suka zo. Ba zan ba su wuri a takardar Gwaggo ba. Sun kore shanun, sun hana noma, muka kwaso abin da hannu zai iya muka shigo Batsari. Gwaggo ta baro akwatin kayanta, ta ɗauko baƙar ƙwarya da irin a ciki. A gari ba madarar da za ta zuba masa. Ya bushe a gindin ƙwaryar, ta kife ta a ƙarƙashin gado.

Yaya ya yi abin da ɗa na gari ke yi. Ya ba ta ɗaki, ya ba Baba ɗaki, ya rantse uwarsa ta gama cin abincin wahala. Da safe shayi da madarar gwangwani da burodi da ƙwai. Da rana farar shinkafa ko taliya, da miyar da dunƙulen kanti ya yi wa yawa. Da yamma ƙunshinsa: yau tsire, gobe balangu mai kitse, jibi hanta da ƙoda. Ba aikowa yake yi ba, da kansa yake kawowa, ya durƙusa a gabanta ya buɗe takardar, ya zauna yana kallo har ta cinye ta sa masa albarka. In an kawo tallan zogale ƙofar gida sai ya ce a wuce da shi, uwarsa ba akuya ba ce.

Cikinta ya fara ɗaurewa, ya kumbura. Duk lokacin da ta yi ƙorafi sai a aika kemis a sayo kafso mai ja da rawaya, ta sha biyu ta ajiye sauran sai wani karon. Ta yi ƙiba, unguwa ta ce hutu ya karɓe ta. Matar da ke zuwa Batsari a ƙasa ta koma ba ta kai bakin rijiya sai ta dafa bango. Ranar da ta ce wani abu ya danne mata ƙirji kamar an ɗora turmi, muka ɗauke ta zuwa Katsina. Ni ce mai jinya.

Likitar mace ce, ba ta da yawan fara'a amma tana da haƙuri. Ta ce jinin Gwaggo ya hau, kuma hanyoyin da ke kai wa zuciya jini sun ƙuntace. Ta rubuta magani. Sannan ta tambayi abin da take ci a da, da abin da take ci yanzu, da sau nawa ta sha kafso. Da na lissafa mata sai ta ajiye biro. Ta yi wani bayani da sauri. Na ɗaga hannu kamar a aji na ce ban gane ba, a sake.

Ga abin da ta ce, yadda na riƙe shi. A hanjin kowane mutum akwai wasu halittu ƙanana da ido ba ya gani, masu yawan gaske, iri-iri. Ba cuta ba ne, tare muke rayuwa da su. Abin da ka ci, shi suke ci. In kana ba su ganye da wake da hatsi mai dusa, masu amfanin cikinsu su yi ƙarfi, su fitar da wani abu da ke kwantar da jijiyoyin jini ya taimaka wajen sauke hawan jini. In ka hana su wannan, sai su rame. In kuma jan nama ne kullum, akwai wasu da ke juya wani abu na cikin naman, hanta ta ƙarasa shi ya shiga jini, kuma ana ganin yana taimaka wa kitse ya manne a bangon jijiya, jini ya yi saurin yin gudaji. Kafson da ake sha ba bisa ƙa'ida ba kuwa ba ya tantancewa, nagari da mugu yake sharewa. Ta ce masana ba su gama sanin abin ba, kuma ba shi kaɗai ba ne: akwai shekaru, akwai gishiri, akwai gado, akwai firgicin da tsohuwar ta gani. Amma cikin duk waɗannan, kwanon abinci ne ke hannunmu.

Na juya na yi wa Gwaggo bayani da irin Hausarmu. Ta sunkuya tana kallon cikinta. Can ta ce, "Ashe ban rabu da kiwo ba." Likita ta ce me ta ce. Gwaggo ta ce, "Na ce an kore mani na waje, na ciki kuma ana kashe mani su da yunwa." A ranar na ga haƙoran likitar nan.

Muka dawo gida na tari Yaya a zaure. Na faɗa masa komai, tiryan-tiryan. Ya saurara har na gama, sannan ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Uwar ɗakina, boko da tsufa ya taɓa ki. Shanu a cikin Inna? To a kira mai allurar dabbobi."

"Bawa, ba wasa nake ba."

"Na sani, na sani. Baƙin ciki kike don ba a kawo maki naki ƙunshin. Gobe zan sa maki ƙashi."

Haka muka yi ta yi. Na faɗa masa a zaure, na faɗa masa a tsakar gida, na faɗa masa a gaban matarsa. Na zage shi, na ce zai kashe uwarsa da kitse. Kowa ya yi dariya, don tun muna yara abin da ya fi wannan muni na faɗa masa an yi dariya. Matarsa ta ce, "Ku dai ba ku girma." Abokansa mahauta in sun hango ni sai su ce ga makiyayiya nan tafe. Maganar da likita ta ɗauki lokacinta ta yi, ta zama wasan taubasai a bakin tukuba. Da wata ce ta faɗa, da ya ji haushi, jin haushi kuwa yana sa mutum tunani. Ni ce na faɗa, sai ta bi iska. Wannan ne ke cina har yau. Al'ada ta ba ni damar in faɗa masa komai, ta kuma ba shi damar kada ya ji komai.

Na koma ina kawo mata nawa daga gidana: kwaɗon rama, faten wake, fura da nonon da nake saye wajen wata Bafulatana. Takan karɓa ta ce, "Kawo in ba shanuna." Ta ci da daɗi. Amma da yamma ƙunshi ya shigo, ta ci shi ma.

A kan wannan muka yi faɗan da ba mu taɓa irinsa ba. Na ce, "Gwaggo, ke ce uwarsa. Kalma ɗaya za ki faɗa." Ta ce, "Wace kalma? In ce mashi ɗauke hannunka?" Na ce ki ce masa ya rage. Ta ce, "Kin ga idonshi in yana buɗe takardar nan? Yaron nan ubanshi ya mutu bai yi mashi komi ba. Ni na tafi ƙauye na bar shi da wuƙa. Yanzu Allah ya kawo ni hannunshi, abin da yake da shi ke nan, ki ce in ture?" Na ce to ki zaɓa, ranki ko farin cikinsa. Ta ɗaga ludayi ta nuna ni da shi. "Fita mani daga ɗaki. Karatun da na raka ki ne za ki dawo ki karanta mani?" Na fita. Washegari ta aiko a ce mini shanu na jin yunwa.

Ta sha maganinta, wannan kam na tsaya a kai. Kafso ma na hana, sai da na yi rigima da mai kemis a gaban jama'a. Ƙunshin ne ya gagare ni.

Wata Laraba bayan la'asar, tana zaune a kan tabarma tana tsefe wa jikarta kai, ta ce, "Turmin nan ya dawo." Ta jingina da bango. Kafin a samo mota ta cika. Shi ke nan. Matar da ta cika gida da murya ta tafi ba ta ko ɗaga ta ba.

Ban ce nama ne ya kashe ta ba. Likita ma ba ta ce ba. Kwananta ne ya ƙare. Amma wanda ya ga bango ya tsage ba ya ci gaba da watsa masa ruwa yana cewa tsayuwarsa ta Allah ce. Kuma ba zan zauna a yi wa ubana irin wannan gatan ina kallo ba.

Bayan an share makoki ƙunshi ya fara shiga ɗakin Baba. Baba kuwa murna yake, har yana lashe yatsa. Ranar kasuwa na yafa mayafi na nufi layin mahauta. Suna hango ni suka fara gyara tsayuwa, za a sha kallo. Ɗaya ya ce, "Sarkin fawa, ga uwar ɗakinka." Yaya ya ɗago yana murmushi, karo na farko tun rasuwar, yana jiran zagi.

Na zo gaban teburinsa na durƙusa har ƙasa, gwiwa biyu, cikin jini da ƙuda. Na ce, "Yaya, ina wuni. Ya haƙuri."

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya ajiye wuƙa.

"Lafiya? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu tukuna."

"Tashi. Don Allah tashi, mutane na kallo."

"Ba zan tashi ba, Yaya. Yau ba taubashiyarka ce ta zo ba. 'Yar Kawunka ce, marainiya, wadda uba kaɗai ya rage mata. Abin da na faɗa maka a kan Gwaggo ba wasa ba ne. Ko sau ɗaya ban yi maka wasa da shi ba."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Kina nufin ni na kashe Inna."

"Allah ne ya ɗauki abinSa. Ni na zo a kan mai rai."

Ya zauna a kan benci. Ya ce, a hankali yadda maƙwabtansa ba za su ji ba, "To da mi zan yi mashi? Ba ni da gona, ba ni da saniya. Ni nama na sani."

Na ce, "Kasuwar nan ba layinku kaɗai ba ne." Na tashi na kakkaɓe zanena na tafi. Ba wanda ya ce makiyayiya.

Ranar ƙunshi bai zo ba. Washegari ma bai zo ba, shi ma bai leƙo ɗakin Baba ba. Baba ya ce na raba shi da ɗan 'yar'uwarsa, ya daina amsa gaisuwata. Matar Yaya ta ce na tozarta mijinta a kasuwa alhali ƙasar kabarin uwarsa ba ta bushe ba. Na ce na ji. Na ɗauka zumuncin ya tafi ke nan, na kuma ce in ya tafi a kan wannan, ya tafi.

Sai ga shi wata yamma, ina ɗakin Baba ina fama da shi ya sha magani. Mahauci ɗan mahauci, ya ratso unguwa da damin zogale a hammata, ƙullin wake a hannu, da robar kindirmo. Idonsa ja. Ya durƙusa a gaban Baba yadda yake yi wa uwarsa, ya ajiye. Bai dube ni ba ya ce, "Uwar ɗakina, ga ciyawar shanun Kawu."

Baba ya ɗaga zogalen ya leƙa ƙarƙashi. Ya ce, "Ina naman?"

"Sai Juma'a, Kawu."

"Kun haɗa baki ke nan."

"Ita ta haɗa, ni bawa ne."

Na shiga ɗakin Gwaggo na jawo baƙar ƙwaryar daga ƙarƙashin gado. Na ɗauraye ta da ruwan zafi, ba sabulu, na juye kindirmon a ciki. Da na dama wa Baba fura na rage kaɗan a gindinta.

Ko abin zai ɗore, ban sani ba. Ranar Talatar nan na ga maiƙo a gemun Baba, na tambaya, su biyun suka ce man zafi ne. Ban kuma huce ba. Har yanzu in na tuna dariyar nan ta zaure sai takaici ya kama ni, don durƙuson da na yi a kasuwa, da na san shi ne mabuɗi, da na yi shi Gwaggo tana da rai ta gani, ta ce gwiwar tawa ashe ba ta aro ba ce.

Matan da suka yi addu'a ranar uku, ga tawa, ku ce amin in kun ga dama. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kaifin harshe don yawan alherinta, ya shayar da ita daga abin da ya fi nonon ƙwaryarta daɗi. Mu da muka rage, Allah ya ba mu 'ya'ya masu ciyar da mu, ya kuma ba su kunnen da zai gane ranar da mai wasa ta daina wasa.

Amin.